Dambun Gwaggo Suwaiba

Duk wanda ya zauna a Kibiya ya san Gwaggo Suwaiba, in bai san fuskarta ba to ya san dambunta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta girma, kuma ko gidan biki ta shiga da sabon mayafi sai ka ji ƙanshin hayaƙin itace yana binta. Ta ba hamsin baya. Ita ce shugabar masu girki a wata kwalejin 'yan mata ta kwana da ke gefen gari, inda tun daga shugabar makaranta har maigadi babu mai kiranta da wani suna sai Gwaggo.

A Kahu aka haife ta, a wani gida na bakin hanya. Mahaifinta manomi ne mai wata ɗabi'a da ta sha ba matan gidan wahala. In yana zaune a ƙofar gida ya hango mutum da alamar tafiya a jikinsa, sai ya tare shi ya ci abinci, ko da mutumin ya rantse yanzu ya tashi daga kan akushi. A wannan gidan Suwaiba ta koyi turara dambu, tun tana hawa turmi kafin ta leƙa madambaci. A nan kuma ta ɗauko ƙa'idar da ta riƙe har girma: ba baƙo ne zai ce ya ƙoshi ba, mai gida ne zai duba ya faɗa masa, kuma ɗan gida ba ya kai loma bakinsa sai baƙo ya gama ya wanke hannu. Da wannan ƙa'ida ta zo gidan mijinta Malam Alu, manomi mai sanyin magana da son tsokana, da ita kuma ta shiga kicin ɗin kwaleji.

Wasan ƙwallon kwando ya shigo kwalejin ne da zuwan Malama Ramlatu, wata doguwar malamar motsa jiki wadda ba ta rabuwa da usur a wuya. Ta sa aka malala siminti a bayan ɗakunan kwana, mai walda ya kafa ƙarafa biyu da kwandunansu, ta tsinto dogayen 'yan mata ta fara koya musu. Da yake filin yana cikin katanga, matan gari ma sukan shigo kallo da 'ya'yansu a goye. Ba a daɗe ba aka kafa gasa tsakanin kwalejojin 'yan mata na yankin, aka kuma sa doka cewa ƙungiyar da ta fi yawan nasara a zagayen farko, a filinta za a yi wasannin ƙarshe.

To a nan abin mamakin yake. 'Yan matan Kibiya in sun fita waje, yau su ci gobe a cinye su, kamar kowa. Amma a gida ba a taɓa cin su ba. Nasarorin gida su ke tara musu maki, makin ya kawo wasan ƙarshe gida, a gida kuma su ɗauki kofi. Haka abin ya yi ta juyawa shekara bayan shekara, har kofin ya yi wa kansa gurbi a kan kabad ɗin shugabar makaranta. Kowa da nasa bayanin. Wasu suka ce kwando ɗaya ya fi ɗaya gajarta, wasu suka ce kiɗan bokitan ɗalibai ne ke rikita baƙi. Maigadi kuwa cewa ya yi addu'arsa ce.

Gwaggo ba ta da bayani, don ba ta taɓa kallon wasan ba. Ita dai ta san ranar wasa ranar baƙi ce. Motar baƙi kan iso da hantsi ya yi nisa, wasa kuma sai bayan azahar, tsakanin nan lokacinta ne. Tun da safe ta jiƙa tsakin masara, ta tsinke zogale, ta daka gyaɗa, ta soya mai da albasa har ƙanshi ya hana 'yan aji sauraron darasi. Jumai, wata Bafulatana ƙawarta daga rugar da ke kusa da Kahu, ta kawo kindirmo da fura. A shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, a zaunar da baƙi, 'yan wasan gida su yi ta kai da kawo da tire da butoci. Gwaggo kuma ta ɗauki ludayi ta shiga zagaye.

"'Yata, wannan ci ne ko ɗanɗano?" in ji ta, tana tsaye a kan wata baƙuwa da ta fara janye hannu.

"Wallahi Gwaggo na ƙoshi."

"Ban ga alama ba. Ko a gidanku an koya miki ki kunyata tsohuwa ne? Miƙo kwanon."

Babu yarinya mai tarbiyya da za ta iya amsa wannan tambaya sai da miƙa kwano. Dambu kuwa kowa ya san halinsa, in ya shiga sai ya kira ruwa, in ruwa ya same shi sai ya kumbura ya nemi wurin zama. A kansa ake ɗora fura mai sanyi. Kafin baƙi su wanke hannu an kira salla, ana idarwa Malama Ramlatu ta busa usur, don haka 'yan wasan gida sai dai su kurɓi ɗan kunu a tsaye, a rufe musu nasu rabon sai an tashi. Gwaggo ta koma wajen tukwanenta. In ta jiyo ihu daga bayan ɗakunan kwana sai ta ce Alhamdulillahi, ta ci gaba da kankare ƙanzo.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Malama Bara'atu, mai horar da 'yan matan wata kwaleji a Rano. Mace ce mai naci, ba ta yarda da "haka Allah ya so" sai ta duba ko'ina tukuna. Ta zo da tef ta auna kwandunan Kibiya, ta tarar daidai suke. Ta zo da nata ƙwallon. Ta nemi a kawo alƙaliyar wasa daga wani gari, aka kawo. Duk da haka aka cinye ta. A hanyar komawa gida ne ta farka daga wani barci mai nauyi ta waiwaya, ta ga tun ba a fita daga Kibiya ba duk 'yan matanta sun sheme, babu mai ko ƙarfin kukan an ci su. A taron masu shirya gasa na gaba ta miƙe ta ce, rabi wasa rabi gaske, "Ni fa na gano. Ba filin Kibiya ke cin mu ba, kicin ɗin Kibiya ne."

Aka yi dariya aka tashi. Amma maganar ba ta tsaya a ɗakin taro ba. Ta bi motocin kasuwa, ta ratsa Zurgu da Madachi, ko'ina ta sauka sai an ƙara mata gishiri. Lokacin da ta iso Kibiya ta zama cewa Gwaggo Suwaiba tana barbaɗa wani abu a abinci mai kashe ƙafafun mutane.

A wani gidan suna Gwaggo ta fara jin maganar. Ita ta yi girkin, kamar yadda aka saba. Tana wucewa da tire sai ta ga wata mata ta janye hannun 'yarta daga kwano tana cewa, "Ke, gobe kina da tafiyar ƙafa, bar dambun Gwaggo." Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi yaƙe. Amma da aka zo kwashe kwanuka sai ga tirenta ya dawo da fiye da rabi. Tunda ta fara ɗora tukunya ba a taɓa dawo mata da abinci ba. Kafin ta gama haɗiye wannan, Malama Ramlatu ta shaida mata cewa 'yan Rano sun kai wasan ƙarshe, kuma sun ce da abincinsu za su zo a kula, ko ruwan Kibiya ba za su sha ba.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba ta da gona, ba ta da shago, ba ta yi karatun boko ba. Abin da take taƙama da shi a duniya shi ne mutum ya karɓi abinci daga hannunta ya ci hankali kwance, kuma shi ake neman raba ta da shi.

Da la'asar Malam Alu ya same ta a tsakar gida ta yi tagumi, tsintsiya yashe a gefe. Ta zayyana masa komai. Ya saurara yana gyaran ƙotar fartanya, sannan ya ce, "Ai ni shaida ne. Abin da kike zubawa na fi kowa saninsa."

"Malam, har da kai?"

"Har da ni. Tunda aka kawo ki gidan nan, kin taɓa ganin na ci dambunki da rana na koma gona? Maƙwabta har sun daina tambaya. Ni da nake riƙe fartanya kawai ke nan, balle yaran da za a ce su yi ta tsalle."

"Yanzu karamcin ne ya zama laifi?"

"Ban ce laifi ba ne. Na ce ki bar tukwanen nan rana ɗaya ki je ki ga abin da ake yi a bayan ɗakunan kwanan."

Akwai sauran wasa ɗaya kafin na ƙarshe, da 'yan wata kwaleji daga nesa waɗanda maganar ba ta kai musu ba. Don haushi, ranar Gwaggo ta ƙara mai ta ƙara gyaɗa, ta tsaya a kansu sai da suka ga ƙasan tire. Sannan ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta je ta zauna a kan benci cikin matan gari.

Da farko ba ta gane komai ba sai guje-guje. Can ta fara bambanta nata da baƙi, ba don riga ba. Nata suna shawagi kamar 'yan awaki da safe. Lubabatu, kyaftin ɗinsu, 'yar siririya mai dogon hannu, sai ta wuce mutum uku kafin su juya. Baƙin kuwa kowace ta dafe ƙugu. Wata dirkekiya da ta sha fura kofi biyu ta ɗaga hannu za ta tare ƙwallo, sai hamma ta riga ta. Wata aka miƙo mata ƙwallo ta tsaya tana kallonsa kamar an ba ta ajiya. Da aka tafi hutun rabin lokaci, maimakon su kewaye malamarsu su ji shawara, sai suka bi inuwa suka zube, malamar ma ba ta da ƙarfin tashinsu don ita ma ta ci.

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. A tsakiyar dariyar ne ta gane yarinyar da ke kwance ta rufe fuska da hijabi, ita ce ɗazu ta ce, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri," tana miƙo kwano karo na uku ba don tana so ba. Dariyar ta yanke, kunya ta rufe ta.

Ana tashi ta tare Malama Ramlatu a bakin fili. "Malama, dama kin san da wannan?"

Malama Ramlatu ta ɗaga kai tana duban ganyen darbejiya. "Gwaggo, ni malamar motsa jiki ce, ba na shiga harkar kicin."

"Tambayarki na yi."

"To Gwaggo, kowa da abin da yake ci da shi a gidansa. Je ki Rano ki gani. Suna da ganguna, suna da 'yan kallo, kuma kullum sai su ba mu ɓangaren da rana ke dukan ido. Ba wanda ya ce sun yi ha'inci. Su suna da rana, mu muna da ke."

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma Gwaggo ta ce, "Rana ba ta taɓa ce wa kowa 'yata ba. Ni da hannuna nake zuba musu, suna yi mini godiya."

Washegari ta hau mota zuwa Rano, ta yi tambaya har gidan Malama Bara'atu. Malamar ta rikice da ganinta, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa da shinkafa da miya. Gwaggo ta yi bisimilla ta ci sosai, da gangan, tana kallon mai gidan. Sai da ta wanke hannu ta ce, "Malama, kin faɗi gaskiya, amma gaskiyarki ta zo mini da ƙaya a jiki. Yanzu a garinmu ana janye hannun yara daga kwanona."

"Wallahi Gwaggo ban ce kina zuba komai ba. Cewa na yi abincin ya yi yawa."

"Na sani. Ya yi yawa, kuma nawa yaran ba sa ci. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba sai jiya. Ga abin da na zo da shi. Ku bar kularku a gida. Kafin wasa kunun gyaɗa kawai zan dama, kowane kwano ludayi biyu, yarinyarki ɗaya tawa ɗaya. Abin da ya shiga cikin taki ya shiga cikin tawa. Dambu kuma sai an tashi."

Malama Bara'atu ta yi murmushi. "Kin san in kika yi haka kofin nan zai iya barin Kibiya?"

"Na sani."

"Kunun na yarda, zan lallashi yaran. Amma dambun ba zan yi miki alkawari ba. Iyayensu sun ja musu kunne, kuma bayan wasa ba ni da iko da bakin kowa."

Ranar wasan ƙarshe kwalejin ta cika. Matan Kibiya sun zo, na Rano ma sun ciko mota guda sun biyo 'ya'yansu. A ƙarƙashin darbejiya aka zaunar da 'yan wasa biyu-biyu. A ce ɗan gida ya sa hannu tare da baƙo abu ne da Gwaggo ba ta taɓa gani ba a gidan ubanta, sai da ta kau da kai. Yarinyar da aka haɗa da Lubabatu ta riƙe ludayi ta ƙi kaiwa baki, sai da ta ga Lubabatu ta haɗiye tukuna. Gwaggo ta gani, ta ji kamar an tsunkule ta. Wahalar da ta fi wannan ita ce ganin kwanuka sun ƙare ba ta ƙara ba. Sau biyu ƙafarta na ɗaukarta zuwa wajen tukunya, har sai da ta miƙa wa Jumai ludayin ta ce ta ɓoye shi, ko ta roƙa kada ta ba ta.

Wasan da aka yi ranar, tsofaffin 'yan kallo sun ce ba su taɓa ganin irinsa a filin ba. Babu mai dafe ƙugu, babu mai neman inuwa. Kibiya ta jefa, Rano ta rama, Rano ta wuce, Kibiya ta kamo. Bokitai suka sha duka har ɗaya ya fashe. Gwaggo, wadda har yanzu ba ta san dokar wasan ba, duk wadda ta jefa a kwando sai ta miƙe ta sa mata albarka, har matan Kibiya suka ja mata zane suka ce ta zauna ta tantance nata. Ana dab da tashi Rano na gaba da maki ɗaya, ƙwallo ya zo hannun Lubabatu. Ta yi tsalle ta jefa, ya zagaya bakin kwandon ya faɗo waje, alƙaliya ta busa usur.

Filin ya yi tsit, in ban da ɓangaren Rano da ya kaure da guɗa. Malama Ramlatu ta wuce ofis ba ta kalli kowa ba. Lubabatu ta biyo ta gaban Gwaggo, idonta ja wur, ta tsaya.

"Gwaggo, shekarata ta ƙarshe ke nan a makarantar nan. Da kin bari sai baɗi ki yi gaskiyar."

Gwaggo tana son yarinyar nan kamar ita ta haife ta, kuma ta san ita ta cire mata kofi daga hannu. Ta juya ta koma kicin da nauyin zuciya, ta sauke madambaci, ta juye dambu a manyan tire, ta kwarara mai, aka jera a kan tabarmi. Sannan ta tsaya a gefe ta harɗe hannu.

Babu wanda ya zo. 'Yan Kibiya sun shige ɗakunan kwana, 'yan Rano suna can bakin ƙofa suna ɗaukar hoto da kofi. Ta ji direbansu ya tayar da mota ya danna ham. Tururin dambu yana ta raguwa. Jumai ta matso ta ce a hankali ko a rufe kada ƙuda ya sauka, Gwaggo ta girgiza kai. A ranta ta ce shi ke nan, ta rasa kofin, ta rasa yaranta, sunan nata ma bai dawo ba.

Sai ga Malama Bara'atu ta ɓullo ta bayan ajujuwa ita kaɗai, rungume da kofi. Ta cire takalmi, ta dire kofin a gefen tabarma, ta ɗauki buta ta wanke hannu, ta zauna ta yi bisimilla da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. Ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu. Kyaftin ɗin Rano ta leƙo, ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyar ta dubi tiren ta haɗiyi yawu, suka taho tare. Daga nan kuma sai aka rasa wurin zama.

Ƙanshi da hayaniya suka fito da 'yan Kibiya ɗaya bayan ɗaya. Lubabatu ce ta ƙarshe. Ta zo fuska a kumbure, ta sunkuya za ta ɗauki buta ta zuba wa baƙi ruwan wanke hannu. Gwaggo ta karɓe butar, ta kama hannunta ta zaunar da ita a tsakiyar baƙi, ta turo mata inda man ya fi taruwa. Yarinyar ta daɗe tana kallon tiren, sannan ta share hanci da bakin hijabi ta sa hannu.

Daɗi ya cika Gwaggo, zafin kofin ma bai tafi ba, duka biyun suna nan a ƙirji ɗaya. Ta karɓo ludayinta daga wajen Jumai ta shiga zagaye. Da ta iso kan Malama Bara'atu, malamar ta ɗago da baki cike ta ce, "Gwaggo, tsakaninki da Allah, me kike zubawa a ciki?"

"Mai ne, Malama. Mai da albasa. Sai kuma kunnena da ba ya jin 'na ƙoshi'. Miƙo kwanon."

A bakin ƙofa direban Rano ya gaji da danna ham. Ya kashe mota, ya sauko, ya tambayi maigadi inda ake wanke hannu.